Saura mako goma gwajin shiga: kiɗa mai wuya ko wanda ya zauna a hannu?

Mai Fiyano:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa tofa komai ba, yau dai abin ya tsaya mini a rai. Saura mako goma in tsaya gwajin shiga kwalejin kiɗa, ɓangaren fiyano. Abin da suka ce a kawo: firelud (kiɗan buɗewa) da fug (kiɗan da layukan sauti da dama ke tafiya tare) ɗaya na Bach, babin farko na sonata (dogon kiɗa mai babi-babi) ta Haydn ko Mozart ko Beethoven, sai kiɗa ɗaya na zamanin su Chopin, duka da ka, ba takarda. Bach da sonatar ba ni da matsala da su. Rigimar tana kan na ukun. Ni etud (kiɗan horar da yatsu) na Chopin nake so, na 12 a Opus 10, wanda hannun hagu ke gudu tun daga farko har ƙarshe. Malamina ya ce a'a, in riƙe wani noktun (kiɗan dare mai sanyi) da na shekara biyu ina kaɗawa. Yau har mun ɗan yi sa-in-sa, na fito raina a ɓace. Ina tsoron in shiga da abu mai sauƙi su ɗauka iyakata ke nan. Don Allah waɗanda suka taɓa tsayawa, me kuka gani?

Ɗan Jita:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, matsoraci ba ya zama gwani. Mutum nawa ne za su shiga ɗakin nan a yini ɗaya, kowa da kiɗansa mai sanyi? Kai ka zo da abin da zai sa su ɗago kai daga takarda. Mako goma kwana 70 ne, ya ishi mai himma.

Malama Mai Murya:
Kafin a ci gaba ina da tambaya uku. Yaushe ka fara koyon etud ɗin? Ka taɓa kai shi ƙarshe a gaban wani ba ka tsaya ba? Takardar makarantar ta ce dole sai da etud, ko kai ne ka zaɓa? Makarantu da yawa suna sa etud a matsayin sharaɗi daban, in haka ne ba zancen zaɓi.

Mai Fiyano:
Malama, wata biyu ke nan da na fara. Takardar ba ta ce dole ba, cewa ta yi kiɗa ɗaya daga ƙarni na 19. A gaban mutane sau ɗaya na gwada, gaban yayata da ƙawarta, na karye a tsakiya. Amma in ni kaɗai ne a ɗaki yana fita.

Malama Mai Murya:
To ka ba kanka amsa da bakinka. In kai kaɗai ne yana fita, ranar gwaji kuwa ba kai kaɗai ba ne. Za ka shiga ɗakin da ba ka sani ba, ka zauna gaban fiyanon da ba ka taɓa sa wa hannu ba, wataƙila maɓallansa sun fi waɗanda ka saba da su nauyi, ga mutum uku ko huɗu zaune da biro. Jiki kuma yana da nasa aikin da ba ya neman izininka. Tsoro na shiga, adirenalin zai zuba cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, jini ya janye daga yatsu, hannu ya yi sanyi ya yi gumi, baki ya bushe. Mafi ɓarna, za ka fara da saurin da ya wuce wanda ka saba kana jin kamar daidai kake. Kiɗan da a gida yake bakin iyakar ƙarfinka, a can ya wuce iyakar.

Na zauna a kujerar masu gwaji shekaru da dama, a ɓangaren murya. Ga abin da nake rubutawa a takardata. Yana kan sauti ko yana zamewa? Bugunsa a tsaye yake? Ya san inda jimla ta tashi da inda ta dire? In ya yi kuskure yana wucewa, ko yana tsayawa ya kalle mu? In na ce masa sake layin nan a hankali, ya sake da bambanci, ko abin da ya yi ɗazu ya maimaita mini? Ba wanda ya gama muke nema ba, wanda ya gama me zai zo yi wurinmu? Wanda za mu iya zama da shi shekara huɗu muke nema.

Ina tuna wata yarinya da ta shigo da tsohuwar waƙar Italiyanci, irin wadda ake ba kowane ɗan koyo a shekararsa ta farko. Mun riga mun ji waƙar sau da yawa a ranar. Ta tsaya, ta ja numfashi kafaɗarta ko motsi ba ta yi ba, sautin farko ya fito siriri ya yi ta buɗewa a hankali. Abokin aikina da ke gefena ya ajiye bironsa. Bayanta wani saurayi ya shigo da waƙar opera irin ta ƙosassun maza da muryarsu ta gama nuna, jijiyoyin wuyansa duk a tashe, haɓa a sama. Wallahi yana da murya. Amma abin da ya nuna mana shi ne yadda yake wahalar da ita. Da tsohuwar zuma ake magani, ɗana. Riƙe noktun ɗinka.

Ɗan Jita:
Malama, ina girmama ki, amma in kowa ya bi wannan shawara ba wanda zai taɓa matsawa gaba. A ɓangarenmu na jaz, a makarantar Berklee ta Boston misali, bayan kiɗan da ka shirya sai a sa ka ka ƙaga naka nan take a kan salon kiɗan bulus, a kaɗa maka jimla a ce maimaita da kunne. Wa ya isa ya shirya wa wannan gaba ɗaya? Kasada tana cikin sana'ar.

Mai Goge:
Yayana Ɗan Jita, ƙagawa nan take ma shekaru ka yi kana shirya mata, ba ranar ka fara ba. Bari in ba da nawa, don sau biyu na tsaya gwajin nan da biyolin.

Karon farko na ɗauki wani babban konceto (kiɗan mutum ɗaya da ƙungiyar makaɗa ke raka shi) da na ji a faifai ya burge ni, wata huɗu kacal kafin gwajin. Shafin farko ya tafi lafiya. A na biyu yatsana ya zame a wani hawa, sai kaina ya yi fari fat. Ban san inda nake ba, ban san inda zan koma ba, domin hanya ɗaya na san kiɗan, daga farko zuwa ƙarshe, kamar igiya. Da ta tsinke a tsakiya ba ni da inda zan kama. Mai fiyanon da ke raka ni ta maimaita wurin sau biyu tana jirana. Ɗaya daga cikin malaman ya ce a hankali, ba komai, mu ji Bach ɗin. Na kaɗa shi hannuna na rawa. Ban samu ba, kuma na yi kuka a mota ba na jin kunyar faɗa.

Shekara ta biyu na koma da konceto na 3 na Mozart, wanda yara da yawa ke kaɗawa. Abin da na canza shi ne yadda nake bita. Na sa alama da fensir a wuri goma sha biyu a cikin babin, na rubuta lambobin a 'yan takardu na zuba a gwangwani. Kullum in zaro ɗaya, in fara daga nan ba tare da duba littafi ba. Da safe kafin in ɗumama hannu nake kunna waya in kaɗa duka sau ɗaya, ba tsayawa, ba gyara, domin wannan na farkon shi ne ainihin abin da kake da shi. Na biyar da na shida na yaudara ne, a ɗakin gwaji ba za a ba ka na biyar ba. Wani lokaci in hau bene da gudu sau uku, in ɗauki gogen zuciyata na dukan uku-uku, don jikina ya saba da yin aiki a haka. Makonni shida na ƙarshe duk Asabar sai na tara ko mutum biyu ne, in shigo, in gaisa, in faɗi sunan kiɗan, da takalmin da zan sa ranar.

A gwajin na sake yin kuskure, har biyu. Amma na wuce su kamar ban gani ba, domin na san tasha ta gaba tana kusa.

Malam Na Gefe:
Ni fiyano nake koyarwa, kuma ba na tare da Malama gaba ɗaya. Wuyar kiɗa tana da nata muhimmanci, kada mu ɓoye wa yaro. A manyan makarantun kiɗa irin su Juilliard a New York, ko Curtis a Philadelphia inda ɗalibai ba su kai 200 ba kuma ba wanda ke biyan kuɗin karatu tun 1928, wanda bai iya etud irin wannan ba bai kai matakin masu neman shiga ba tukuna. Tsabta kaɗai ba ta shigar da mutum ko'ina. Sai dai ana kai wannan matakin da shekaru, ba a fafe gora ranar tafiya. Etud mai wata biyu jariri ne.

Kuma wa ya gaya maka noktun abu ne mai sauƙi? A etud gudu yana rufa maka asiri, feda (abin takawa da ke tsawaita sauti) ta haɗiye rabin kurakuranka. A noktun kowane sauti a fili yake. Za a ji ko hannun damanka yana waƙa, za a ji ko hagunka ya danne shi, za a ji ko ƙafarka tana sakin feda a kan lokaci ko tana cakuɗa komai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a saƙonka ma ba wannan ba ne. Ka ce Bach ba ka da matsala da shi. Duk ɗalibin da ya faɗa mini haka sai gabana ya faɗi. Bach ya haɗa littafin farko na waɗannan a 1722, firelud da fug 24, ɗaya a kowane matakin sauti, manjo da maino, daga baya ya ƙara wasu 24. Fug murya uku ce ko huɗu, wani lokaci har biyar, suna tafiya tare, kowace da nata zancen, yatsu goma ne ke ɗauke da su duka. A nan masu fiyano suka fi faɗuwa, domin in ka ɓace a sonata kana iya laluɓen wani abu da hagu ka dawo, a fug kuwa in murya ɗaya ta ɓace sauran sai su bi ta. Gwada wannan yau: kaɗa kowace murya ita kaɗai da ka, da yatsun da kake amfani da su in an haɗa. Sannan kaɗa ta ƙasa kana rera ta tsakiya da bakinka. Sannan a kira maka kowane wuri da jigon ya shigo ka fara daga nan. In ka tsallake ukun nan, na yarda ba ka da matsala.

Abu na ƙarshe, lokacin da ake ba mutum gajere ne, sau da yawa minti goma zuwa ashirin. Za su iya cewa bar firelud fara daga fug, ko su tsayar da kai a tsakiyar sonata. Tsayarwa ba alamar faɗuwa ba ce, sun ji abin da suke son ji ne, kuma akwai wasu a layi.

Mai Fiyano:
Malam, jikina ya yi sanyi. Ban taɓa raba muryoyin ba, tare na haddace su. Akwai kuma abin da ban faɗa ba: tun da na ƙara wa etud ɗin gudu, damtsena na hagu daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu yana zafi da dare. Awa biyar nake yi yanzu.

Malam Na Gefe:
Wannan ya fi duk abin da muka tattauna. Ka faɗa wa malaminka gobe, kada ka jira darasi. Gajiya daban, zafi daban. Zafi yana nufin kana maƙale hannu kana tura gudu da ƙarfi. Ka rage awannin, ka riƙa tashi kana hutawa bayan kowane rabin awa, in ya wuce 'yan kwanaki ka ga likita. Leon Fleisher yana cikin manyan masu fiyano na Amurka lokacin da yatsu biyu na hannunsa na dama suka fara lanƙwashewa a 1964, ya yi shekaru kusan talatin yana kaɗa na hannun hagu kawai. Ciwonsa daban ne da naka, ba tsorata ka nake yi ba, so nake ka san hannu ba abin wasa ba ne.

Maman Mawaƙiya:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa a nan. 'Yata ce za ta yi na murya, shekararta 18. An ce a fara tura bidiyo kafin a kira mutum, waƙa uku, ɗaya Italiyanci, ɗaya Jamusanci ta Schubert, ɗaya Turanci. Kwana huɗu ke nan muryarta ta dushe saboda yawan bita. Yanzu raɗa take yi mana a gida don ta adana ta. Ni ban san komai a harkar nan ba, ina dai ganin yarinyata ba ta barci.

Malama Mai Murya:
Maman yarinya, sannu da ƙoƙari. Ki ce mata ta bar raɗar nan yau. Mutane na ɗauka hutu ce, alhali tana iya takura igiyoyin murya fiye da magana a hankali. Ta yi shiru in za ta iya, in dole ne ta yi magana ƙasa-ƙasa da muryarta ta kullum. Ta sha ruwa sosai, ta bar yawan gyaran murya, ta yi barci. In dushewar ta kai mako biyu ku je wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya leƙa ya gani. Mai fiyano na iya zama awanni, mawaƙi ba ya iyawa, kayan aikinsa nama ne ɗan ƙarami a cikin maƙogwaro.

Kwanakin shirun nan ba asara ba ne. Ta zauna da kalmomin Jamusancin nan ta san ma'anar kowace ɗaya, ba ma'anar layi a dunƙule ba. Muna gane wanda ya san abin da yake faɗa tun daga idonsa. Ta sa alamar wuraren numfashi. Ta shirya wa mai raka ta da fiyano takardu masu tsabta, a matakin da take rerawa, shafuka a jere yadda za su buɗu ba wahala. Na sha ganin yarinya ta miƙa takardar da ke sama da inda ta saba, mai fiyano ya kaɗa abin da ya gani, waƙa ta lalace tun daga layin farko.

Bidiyon kuma a karanta ƙa'idarsa sau biyu. Yawanci ana son kowace waƙa a ɗauka ɗaya, ba yanka ba gyaran sauti, a ga mutum sosai. Kada a manna wayar kusa da baki. Kada kuma a bari sai daren rufewa, makarantun Amurka da yawa 1 ga Disamba suke rufe karɓa, na Ingila tun farkon Oktoba.

Baƙon Zaure:
Ga masu rawar hannu, akwai ƙwayar da makaɗa ke sha, propranolol. Abokina ya ba ni ɗaya kafin wani wasa, hannuna ya tsaya cak.

Anti Nas:
Don Allah kada wani yaro a zauren nan ya karɓi ƙwaya daga hannun aboki. Maganin zuciya da hawan jini ne. Yana rage bugun zuciya da rawar hannu, gaskiya ne, kuma akwai makaɗan da likita ke rubuta wa. Amma ga mai asma yana iya toshe numfashi, ga wanda awon hawan jininsa ke ƙasa yana iya kawo jiri. Ba ya kuma sa wa mutum haddar da bai yi ba. Wanda tsoro ya yi masa yawa ya je ya ga likita tun da sauran lokaci.

Mai Sarewa:
Kowa na maganar manyan kiɗa, ni abin da ya kusa kayar da ni ƙananan ne. Bayan na gama sai aka ɗora mini takardar da ban taɓa gani ba, aka ba ni kamar rabin minti in duba. Daga nan aka kaɗa sauti biyu a fiyano aka ce faɗi tazararsu, aka tafa bugu aka ce maimaita. Sikel (jerin sauti na hawa da sauka) kuma ba wanda na fi so aka tambaya ba. Manjo 12 ne, maino 12, kowanne na iya fitowa. Shawarata minti goma kullum ga karatun sabuwar takarda, mai sauƙi ƙwarai, da metronom (na'urar ƙidayar bugu) a kunne. A rabin mintin nan ka duba alamomin farkon layi, ka nemo wuri mafi wuya, ka zaɓi saurinka daga can. In ka fara kada ka koma baya ko me ya faru, bugu ya fi sauti ɗaya da ka rasa daraja. Masu busa kuma ku zo da ɗan karan bakin busawa fiye da ɗaya wanda kuka riga kuka gwada, masu tsirkiya kada ku sa sabuwa ana gobe, tana ɗaukar kwanaki kafin ta zauna.

Ɗan Jita:
Na ji maganar zafin hannu, a nan na sauka, lafiya ta fi komai. Amma har yanzu ina kan bakata cewa kada ya jefar da etud ɗin. Abin da ya sa yaro ya zauna awa biyar ba wanda ya tilasta shi, ƙauna ce, kada a kashe masa ita.

Malama Mai Murya:
A wannan muna tare.

Mai Fiyano:
Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana tara. Na yi abin da Yaya Mai Goge ya ce, na ɗauki kaina da safe ba ɗumi, kwana uku a jere. Da na saurari etud ɗin ban gane kaina ba. Abin da nake ji a kaina kamar ruwa na gudu, a waya gurnani ne kawai, rabin sautukan hagu ba sa fita. Noktun ɗin kuma na ji abin da ban taɓa lura da shi ba, ina sauri duk inda hannun dama ke da ado, kamar ina so in rabu da wurin.

Na je na ba malamina haƙuri, na kuma faɗa masa maganar hannun. Ya yi shiru, sannan ya kama wuyan hannuna ya ce kaɗa, ya nuna mini inda nake ƙanƙamewa. Mun tsaya a kan noktun. Etud ɗin ya ce minti goma sha biyar a rana, rabin gudunsa, ba don gwaji ba. Na koma awa uku, zafin ya ragu sosai. Maman Mawaƙiya, yaya muryar ƙanwata?

Malam Na Gefe, na faɗi gwajinka tun a mataki na farko. Muryar sama na kai ƙarshe, ta ƙasa na kai da ƙyar.

Maman Mawaƙiya:
Alhamdu lillahi ta dawo, ɗana, na gode da tambaya. Jiya ta fara rerawa minti ashirin. Ranar Laraba za mu ɗauki bidiyon farko. Allah ya ba ku sa'a baki ɗaya.

Malam Na Gefe:
Ta tsakiya fa?

Mai Fiyano:
Ita ce ta ɓace, Malam. Daidai inda take barin hannun dama ta koma hagu, sai in rasa ta, ban ma san tana ci gaba a wurin ba.

Malam Na Gefe:
To ita za ka bi wannan makon. Ka ja mata layi da jan fensir daga farko har ƙarshe, ka rera ta da baki sau biyu kafin ka taɓa fiyano, sannan ka kaɗa ta da ƙarfi sauran biyun a hankali. Ran Juma'a ka turo mana fug ɗin, ɗaukar farko ta safe, ba ta biyar ba.